Rasuwar Lallaɓau, Wanda Ruwan Maƙwabci Ya Ci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Alhaji Awaisu mai lambu na Gozaki nake sanar da 'yan'uwana manoman rani na Kafur da Malumfashi da Funtua, da dillalan tumatir, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shingena yana miƙa wuya, rasuwar Lallaɓau. Ga wanda bai san shi ba, shi ne mutum-mutumin nan mai tsinkar tumatir da autata Amatullah ta ƙera. Ajali ya same shi a cikin lambuna, a wurin kwanansa, ya cika a Funtua bayan gajeruwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin wani ya ce tsohon nan ya fara ruɗewa, na sani ba a yi wa ƙarfe salla, ba a kuma kai shi makabarta. Amma malamanmu sun ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum, ya ambaci Allah. Abin da ya tsinke mini ya fi igiyar takalmi. Bokona kuwa na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga gargada a rubutun nan sai ya taka a hankali.

An haifi marigayi a Funtua, a bayan shagon Adewale mai sayar da kayan gyaran mota. Amatullah da Femi, ɗan shi Adewalen, tare suka yi karatun injiniya a Zariya. Femi haifaffen Funtua ne, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Ita ta yi ƙwaƙwalwa, shi ya yi ƙashi da jijiya. Tsayin marigayi bai wuce ƙugun mutum ba. Yana da taya huɗu, da idanu biyu na kyamara, da faifan sola a ka kamar malafa, da hannu ɗaya tak mai yatsu uku na roba. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, shi bai taɓa cewa jinka zai ɗauka ba, tumatir ya ce.

Ranar da aka sauke shi daga bayan a-kori-kura ban yi masa barka da zuwa ba. Na zagaya shi, na dubi Amatullah na ce, "Shekarun da kika yi a Zariya, abin da kika samo mana ke nan? Baro mai hannu?"

Ta ce, "Baba, layi biyu kawai za ka ba shi."

Na ba shi, ya kuwa yi mana miya a gona. Duk ɗan da ya kama sai ya fashe a hannunsa. Ladidi, babbar matan da ke yi mini tsinka tun tana amarya, ta riƙe haɓa ta ce, "Alhaji, ai wannan injin markaɗe aka kawo mana. A miƙo masa attarugu da albasa mu huta." Matan suka yi ta shewa. Amatullah ta tsuguna tana tsince fasassun tana duba inda yatsu suka shiga.

Da suka dawo sai ga su da wata safar hannu mai wayoyi, wai a sa a yi tsinka da ita, shi kuma ya koya daga hannun mutum. Ni aka fara sa wa, don lambuna ne. Ya koyi nawa, ya daina fasawa, ya koma ƙujewa. Amatullah ta dubi allon na'urarta ta dube ni, ta ce, "Baba, hannunka na faɗa ne." A gaban mata ta faɗa. Na cire safar na miƙa wa Ladidi. Ladidi ta ce ita ba za ta koya wa wanda zai ci abincinta yadda ake tauna ba. Sai da aka yi mata alkawarin cewa ita da matanta za su koma inuwa suna tantancewa da jera kwanduna, sannan ta sa hannu, tana mita tana tsinka. Daga ranar ya kama. Ita ce kuma ta raɗa masa suna, da ta ga yadda yake zuwa wa tumatir kamar mai lallaɓa jariri.

Wanda ya taɓa jin sa yana aiki ba zai manta ba. Zuuu, ya matso. Ya yi tsit, yana kallo. Ya sa hannu a ƙarƙashin ganye, ya murɗa kaɗan, ƙwas. Sannan ya juya ya ajiye a kwando, kuma nan ba ka jin komai, don bai taɓa jefawa ba. In kwando ya yi dam sai ya tsaya cak, ya yi kira da muryar Amatullah, wadda ta ɗauka ta zuba masa a 'yar lasifika: "Baba, kawo kwando." Femi ya sha cewa a sauya maganar nan kafin a kai shi kasuwa, don ba kowane mai gona ne babanta ba. Ba a sauya ba. Haka Ladidi ta zama Baba, direbobi suka zama Baba, har wani jami'in gona da ya zo da takalmi sau-ciki ya ji an ce Baba kawo kwando, ya waiga, ya rasa wanda zai tura, ya sunkuya ya kawo.

Ina shaidar marigayi bai taɓa cewa rana ta yi zafi ba. Bai taɓa barin aiki ya tafi kallon ƙwallo ba. Bai taɓa cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwando ya rufe da mai kyau ba, wanda ya tsargu da shi nake. Ya san nunanne na kasuwar gida, ya san mai ɗan jaja-jaja wanda zai jure hanyar Kudu, kuma bai taɓa haɗa su ba. Ku manoma kun san halin da muke ciki. Samari sun tafi Funtua tuƙin keke da acaba. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna yau, jibi na ƙuda ne. Na ga shekarun da muka tsaya muna kallon ja a ƙasa kamar an yi yanka, ba hannun da zai ɗauka. Ni bayana ya daina sunkuyo tun bara waccan. A ranin bana, a layukan da aka ba Lallaɓau, ban ga ɗa ɗaya ya ruɓe a jikin uwarsa ba.

Ba a rasa nono a ruga, ba a rasa aibi a jikin mai rai, balle wanda aka ƙera. Yana da nawa wajen aiki. Kafin ya cika kwando ɗaya Ladidi ta cika biyu ta sha ruwa. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma shi ba ya zama. Akwai kuma ranar da wani dillali ya sunkuya yana taɓa mana kaya yana kushewa, da jar dara a kansa. Lallaɓau ya yi tsit, ya kalla, ya miƙa hannu ya cire hular a hankali, ya sa a kwando. Ban tsawata masa ba.

Babban aibinsa shi ne bai iya ruwa ba. Batirinsa da hanjinsa duk a ciki suke, kusa da ƙasa. Saboda shi Amatullah ta sa na bar ban ruwa irin na kaka da kakanni, wanda ake sakin ruwa ya malale fangali har ya kwanta. Muka ɗaga kunyoyi, muka kafa wa tumatir sanda, muka shimfiɗa siririn tiyo mai ɗigo a gindin shuka. Kwarin da ke tsakanin kunyoyi muka bar shi a bushe ƙamas, don nan ce hanyarsa. A ƙarshen kwarin, can gangare gindin mangwaro, nan yake kwana a lulluɓe da tamfol. Mutane sun yi dariya, sun ce Alhaji Awaisu yana ba tumatir ruwa da cokali. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban janye ba. Amma bana na ga yarinya ta hango abu daga ƙasa, ni ina kan rimin.

Yanzu zan faɗi abin da ban saba faɗa ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Ya'yana duk sun watse, wani Legas, wani Kaduna, matan suna ɗakunansu. Tun rasuwar mahaifiyarsu Hajjo gidan ya yi mini faɗi. Amatullah ce kaɗai ta tafi ta dawo ta taka ƙasar lambu da ƙafarta. An ba ta aiki a Legas, inda yayanta yake, suna jiran amsa kafin watan nan ya ƙare. A nan kuma akwai wani kamfanin tumatirin gwangwani da ya ce in ya ga Lallaɓau yana aiki a gonar gaske, zai tsaya musu su buɗe wajen ƙira a Funtua, su ƙera masa ƙanne, a riƙa ba ƙananan manoma haya, tunda ba mai iya saye shi kaɗai. An tura musu hoton bidiyo, suka ce waya tana ƙarya, gani ya kori ji. Wakiliyarsu, Madam Nwamaka, ta sa ranar Alhamis ɗin nan mai zuwa.

Amatullah ta ce da ni, "Baba, in sun yarda, kullum a gida zan kwana. In ba su yarda ba, ba zan zauna ina cin tuwonka ina kallon ƙarfe ba."

Na ce, "Kin fi ni sanin abin da ya fi miki." Iyakar abin da na ce ke nan. Mu ba a koya mana cewa da ɗa "zauna" ba.

Ana cikin wannan shiri Allah ya karɓi ran yayana, Malam Abdulmutallib, a Mahuta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Muka rufe gida muka tafi zaman makoki, ni da Amatullah. Femi ya kai mu a motar babansa, ya kuma zauna yana hidimar baƙi kamar ɗan gida. Aka lulluɓe Lallaɓau aka bar shi a gindin mangwaro.

Baƙi ba su san wannan ba, amma duk ɗan garinmu ya sani. A wurinmu, in mutum yana zaman makoki a lokacin rani, maƙwabcin lambunsa ne ke yi masa ban ruwa. Ba a roƙa. Ba a kuma tambaya, don abin kunya ne ka tari wanda ke karɓar gaisuwa da zancen gona. Ka dai je ka yi, da injinka, da manka. Haka muka taras ana yi. Lokacin da mahaifiyar Malam Bature maƙwabcina ta rasu, ni na shayar masa da albasarsa, ban tambaye shi ba, bai kuma ce don me ba.

Malam Bature ya leƙa lambuna da hantsi, ya ga kwari a bushe har ya tsattsage. Ya ce a ransa, yaran nan da ruwan cokalinsu za su kashe wa Alhaji tumatir yana can yana kuka. Ya ɗauko injinsa a ka, ya jona mesa, ya saki ruwa. Bai yi ha'inci ba. Ya bi kwari ɗaya bayan ɗaya ya cika su har baki, kamar yadda zai yi wa nasa, har ya fi. Ruwa kuwa gangare ya sani. Da ya ga ya doshi gindin mangwaro, sai ya ruga ya yaye tamfol ɗin, ya kakkaɓe, ya ninke, ya rataye a reshe, don kada laka ta ɓata mini shi. Shi kuwa Lallaɓau mai tamfol ɗin, sai ya bar shi nan, a ganinsa abin da ke kwana a lambu ai ya san ruwa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar sadakar uku ya zo Mahuta. Bayan an shafa fatiha ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Alhaji, kada ka sa lambu a ranka. Na shayar maka, sai da ya ƙoshi."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Bature." Ban ma fahimta ba. Amatullah ce, da ta fito miƙo kwanon gumba a bakin zaure, ta ji. Ta ce, "Kawu, ta tiyo ko ta kwari?" Ya ce, "Wane tiyo, 'yata? Ruwa na gaske." Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

Muka ruga lambu, muka sami Lallaɓau ruwa ya janye, laka ta kama shi har ƙirji. Faifan kansa yana ta shan rana, bai san cikinsa ya tafi ba. Femi ya tuɓe riga ya shiga, muka ciccibo shi. Aka kai shi Funtua, aka buɗe cikin, aka wanke da abin da suke wankewa, aka shanya, aka yi ta hura masa iska. Ni da ban taɓa zaman jinyar ko akuya ba, na zauna a kan benci a bayan shagon Adewale ina jan carbi. Da suka ga ya bushe suka jona. Idonsa ɗaya ya kawo haske. Hannun ya ɗaga, ya murɗa iska, kamar akwai tumatir a wurin. Sai muryar ta fito, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya: "Baba, kawo..." Daga nan sai ƙauri. Femi ya zare waya, ya ce, "Baba, sai haƙuri."

Amatullah ta ce mini iliminsa yana nan a ajiye a na'urarta, jikin ne ya tafi. Amma kayan cikin daga ƙetare suke zuwa, kafin su iso rani ya wuce, wata kuma ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ta yi kuka a gabana ba, jinina ce. Da muka koma gida na ga ta sauko da akwatinta daga kan kabad, ta goge, ta ajiye a bakin ƙofa. Ba ta zuba komai ba tukuna. Kullum in zan fita masallaci sai na kewaye shi.

Marigayi ya rasu ya bar uwa, Amatullah, da Femi wanda ya ɗaura masa kowane ƙashi. Ya bar uwar goyo, Ladidi, wadda ta ce ba kuka take yi ba, hayaƙin murhu ne, alhali a bakin rijiya take tsaye. Ya bar safar hannu mai wayoyi, da tamfol guda mai tsabta. Ya bar ƙanne da ba a haifa ba. Ya bar layukan tumatir da suka nuna suna jira, da tsoho ɗaya da ke riƙe da kwando ba wanda ya ce ya kawo.

Sai magana a kan Malam Bature, kuma a saurara da kyau. Na ji ana ce masa mai kisan kai a majalisa, na ji yara sun fara yi masa waƙa. Ya daina fita. Iyalinsa sun ce kwano yadda aka kai haka ake ɗaukowa. To, duk wanda ya sake buɗe baki a kansa, da ni yake yi. Mutumin nan ya bar nasa lambun, ya ƙona mansa, ya yi mini abin da ubansa ya yi wa ubana. Na gode masa a Mahuta ban sani ba, yau ina sake gode masa ina sane. Da zan sami wanda zan yi wa faɗa da na ji sauƙi, don faɗa na iya. Allah bai ba ni ba. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ina nan ina jiran in ga inda wannan zai manne. Kuma ranar da wani makoki ya sake samuna, Malam Bature, kai nake so ka shayar mini. Sai dai ka bi ta tiyo.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba wanka, ya sha isasshe. Ba za a binne shi ba, za a ajiye shi a gindin mangwaronsa, a kan dakalin da na sa a ɗaga, wanda da an ɗaga tun farko da ban rubuta wannan ba. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da kansu, ko kusa ɗaya ba ta sayarwa ba ce.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa a lambuna ranar Alhamis, daga hantsi har la'asar. Amatullah ta buga wa Madam Nwamaka ta gaya mata gaskiya, ta ce kada ta wahala. Matar ta ce tunda hanya ta riga ta kawo ta Funtua, za ta ratso ta yi mana jaje. Ba ta yi alkawarin komai ba, ni ma ban ce ta yi ba. Amma a wurinmu, in mamaci ya kasa magana, mutane ne ke yi masa shaida. Don haka duk wanda ya taɓa ganin Lallaɓau yana tsinka da idonsa, manomi ne, direba ne, mai tantancewa ce, ya zo ya tsaya a gaban baƙuwar nan ya faɗi abin da ya gani. Kada a ƙara gishiri, marigayi bai yi algus ba, ba za a yi masa ba. A faɗi nawarsa ma. Dillali mai jar dara ya zo da hularsa. Ladidi za ta yi magana da yawun mata. Wanda zai fara kuwa Malam Bature ne, ni zan je in ɗauko shi da kaina, don ya fi kowa daɗewa a bakin shingen nan yana kallo.

Kada a kawo goro, kada a kawo hatsi. Kada kowa ya ce mini in yi haƙuri, na san inda yake. Ban taɓa roƙon mutumin garin nan ko allura ba, kun sani. Yau ina roƙo. Ku zo.

In shaidarku ta karɓu, akwatin nan zai koma kan kabad. In ba ta karɓu ba, ni zan ɗauka in kai mata tasha, ba kuma wanda zai ga komai a fuskata. Abu ɗaya na ce da Femi ya cire mini daga jikin marigayi kafin a rufe shi da tamfol, 'yar lasifikar nan. Ya ce in an sa mata ƙaramin batir za ta yi magana. Na ce ya sa.

Mai sanarwa,
Alhaji Awaisu mai lambu, Gozaki.